Na Sayar Kafin Mai Kaya Ya Sallama

Watanni da dama shafin intanet ɗin da na gina wa kawuna yana yi wa masu shigarsa ƙarya, kuma ni na sa shi. Duk wanda ya buɗe shafin, wani ɗan akwati zai taso daga ƙasan allo yana neman izininsa kafin a ajiye masa kukis a waya. Mutum yana karantawa, ko yana neman inda zai danna ya kawar da shi, alhali abin da ake neman izini a kansa an gama shi tun kafin hoton kifin farko ya gama buɗewa. Ba zan ɗora wa na'ura ba. Ranar da na taɓa abin da na taɓa, na san me nake yi.

Kawu dillali ne a kasuwar kifi ta Haɗeja tun ina ƙarami. Masunta daga Guri, Kirikasamma da ƙauyukan da ke bin ruwa har Nguru su ke kawo masa banda, tarwaɗa da karfasa da kurungu, a jera a kwali a ɗaure da igiya, a loda wa motocin da za su kudu. Sana'a ce da ke bin halin kogi. Tun da aka datse ruwa a Tiga a 1974, aka ƙara da madatsar Challawa a 1992, cikowar da fadama ke yi kowace damina ta daina zuwa yadda masunta suka saba. Ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa, nan ya bushe, can ya nutse. A daminar 2022 ruwa ya yi yawa har matasan gari suka riƙa kwana suna cika buhuna da ƙasa suna ƙarfafa jinga. Hanyoyi suka yanke, fatake da yawa ba su samu shigowa ba, ga kuma kifi a ƙasa. Daga nan Kawu da wasu abokan sana'arsa suka fara tunanin yadda mai saye a Abuja ko Kaduna ko Legas zai ga kaya ya biya ba tare da ya tako ƙafarsa ba. Ni ne ɗan gidan da ke da shagon kwamfuta da buga takardu, sai aka kira ni.

Ban iya rubuta kod ba, har yau ma. Amma yanzu akwai dandamali da yawa da ke bari mutum ya gina shafi ba tare da ya rubuta layi ɗaya ba: ka zaɓi samfuri, ka jawo hoto ka ajiye inda kake so, ka rubuta farashi, ka biya kuɗin shekara. Haka na yi. Na ɗauki hotunan kwalaye a buɗe da safe kafin rana ta yi zafi, na sa fam na yin oda wanda amsoshinsa ke zuba a wani jadawali a intanet, na sa lambar WhatsApp ta Kawu. Sannan na bi shawarar da duk masu koyar da talla a YouTube ke bayarwa, na ƙara abu biyu: Google Analytics don ƙirga masu shigowa, da Pixel na Facebook don tallanmu ya riƙa bin waɗanda suka taɓa leƙowa. Kowannensu 'yan layuka ne da ake kwafowa a manna a wani gurbi. Mutum ba ya buƙatar ya fahimce su kafin su fara aiki, kuma a nan haɗarin yake.

Kukis ɗan guntun rubutu ne da shafi ke ajiyewa a burauzar wayarka. Wani injiniyan kamfanin Netscape, Lou Montulli, shi ya ƙirƙiro shi a 1994 don shafin ciniki ya riƙa tuna abin da ka zuba a kwandon sayayya. Irin wannan na dole ne, in babu shi shafi zai manta da kai daga wannan fuska zuwa waccan. Akwai kuma na bibiya. Su suna ba wayarka lamba, duk sanda ka buɗe shafi sai lambar ta tafi wurin kamfanin da ya ba da ita, tare da sunan shafin, da lokaci, da irin wayar, da adireshin intanet ɗin da ke nuna kusan yankin da kake. Shafin kifi ɗaya ba wani abu ba ne. Sai dai shafuka masu ɗimbin yawa suna ɗauke da layukan nan guda, don haka kamfanin na iya haɗa mai neman kifi da mai neman maganin basir da mai neman rance ya gane mutum ɗaya ne, in kuma yana cikin asusunsa na sada zumunta a wayar, a san ko wane ne.

Dandalin da na yi amfani da shi yana da nasa akwatin neman izini, sai ka kunna kawai. Na kunna, ba don na damu da haƙƙin kowa ba, don dai na ga shafukan manyan kamfanoni suna da shi, ina so namu ya yi kama da nasu. Da farko daidai yake: maɓalli biyu, na yarda da na ƙi. Kuma duk kod ɗin da ka manna, dandalin zai tambaye ka ajinsa, na dole ne, na ƙididdiga ne, ko na talla. Na zaɓi gaskiya. Wanda ya ƙi, ko ya wuce bai danna komai ba, ba a ƙirga shi.

Sai lissafi ya faɗi. Kowane ƙarshen wata nakan kai wa Kawu da abokansa takardar da ke nuna yawan masu shigowa, a kan haka suke biyana ɗan abin kula da shafin. Ɗayansu ya duba ya ce, “Malam, ya muka ga mutane sun ragu?” Mutane ba su ragu ba. Waɗanda suka ƙi a bi su ne ba sa fitowa a lissafi, bayanin da bai fi jimla biyu ba. Ni kuma na ji tsoron kada su ce kuɗinsu na tafiya a banza, sai na ce zan duba. A daren na koma shago na mayar da kod ɗin biyu ajin na dole, wato su tashi da kansu ko an yarda ko ba a yarda ba. Maɓallin ƙi kuma na tura shi bayan wani ɗan ƙaramin rubutu mai launin toka da sai ka ƙura ido za ka gani. Abin da ya rage a fili babban maɓalli ne kore mai ɗauke da OK, da jimla guda ta Turanci. Wata mai zuwa lissafi ya tashi, aka yaba mini.

Hujjojin da na ba kaina ina tuna su sarai, domin har yanzu ina jin su a bakin abokan sana'ata. Kowa haka yake yi. Wa ke karanta akwatin nan? Wannan dokar Turai ce, mu muna Haɗeja. Kuma ba kuɗin kowa na ci ba. Ta ƙarshen ta fi riƙe ni, don gaskiya ne ban ga wanda ya yi asarar ko kwabo saboda kukis ba. Cutar da ba a ganin jininta tana da sauƙin yi.

Ƙanwata da ke karatun kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa ta zo hutu, tana taya ni zaman shago. Wata rana ta buɗe shafin a sabuwar taga a laftof, ta danna F12, wani ɓangare ya buɗe a gefe. Ta juyo mini da allon. Akwatin neman izini yana nan a ƙasa ba ta taɓa shi ba, amma a jerin kukis ga wani mai suna _ga da wa'adinsa ya wuce shekara, ga wani _fbp mai wa'adin wata uku.

“Yaya, ka ga waɗannan? Ban danna komai ba fa.”

Na ce ƙila dandalin ne.

Ta shiga saitin, ta nuna mini inda aka rubuta ajin kowane kod. Ba ta ce komai ba, ta bar yatsanta a wurin. Kunya ta rufe ni, irin wadda babba ke ji in ƙarami ya kama shi kuma ya yi masa kara.

Ita ta fara gyara mini maganar da nake yi cewa dokar Turai ce. Gaskiya ne can aka fara. Dokar GDPR ta Tarayyar Turai ta soma aiki ranar 25 ga Mayu 2018, a 2019 kotun Tarayyar ta yanke cewa akwatin da aka riga aka sa wa alamar amincewa ba yarda ba ce, a Janairun 2022 kuma hukumar kare bayanai ta Faransa ta sanar da tarar Yuro miliyan 150 a kan Google da miliyan 60 a kan Facebook, saboda yarda dannawa ɗaya ce a shafukansu, ƙi kuwa sai an bi matakai. Abin da na yi ke nan a shafin kifi. Amma Najeriya ma tana da tata. Hukumar NITDA ta fitar da ƙa'idar kare bayanai a Janairun 2019, a Yunin 2023 Shugaba Tinubu ya sa hannu a Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda ta kafa hukumar NDPC. Dokar ta ce shiru ko rashin motsi ba yarda ba ne, kuma janye yarda dole ya yi sauƙi kamar bayar da ita. Ƙaramin mai sana'a da ya saɓa ana iya cin sa tarar da ta kai naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin ɗari na abin da ya samu a shekara, duk wanda ya fi yawa. A Agustan 2024 hukumar ta sa wa bankin Fidelity tarar naira miliyan 555.8, cikin abin da ta zarge shi da shi har da amfani da kukis ba tare da cikakkiyar yardar mutane ba, kodayake bankin ya musanta. A 2025 kuma ta fitar da umarnin aiwatarwa da ya yi magana a kan akwatin kukis ƙarara: ya kasance a inda ido zai fara gani, kuma a ba mutum zaɓin amincewa ko ƙi.

Duk da haka ban gyara nan take ba. Na ce wa zai baro Abuja ya zo duba shafin dillalin kifi. Abin da ya karya mini taurin kai daga wani gefe ya fito.

Wata Hajiya a Kaduna da ke sayen kwali biyu-biyu don gidan abincinta ta kira Kawu tana tambayar kayanta. Ta ce ta biya. Wani ya kira ta ya ce shi yaron Kawu ne, asusun da aka saba ya samu matsala, ta tura a wannan. Ya faɗi sunanta, da unguwarta, da adadin kwalayen, da ranar da ta yi oda. Wuri ɗaya ne waɗannan huɗun suke tare: jadawalin da fam ɗina ke zubawa. Na je na duba. Don sauƙin aiki, tun farko na saita shi yadda duk mai linkin zai iya buɗewa, na tura linkin a zauren WhatsApp na direbobi da 'yan lodi domin kowa ya ga kayan da zai ɗauka. Zauren da mutane ke shiga suna fita, wayoyin da ake ara ana sayarwa. Sunaye da lambobi da adireshin duk wanda ya taɓa saye suna nan a buɗe.

Wannan ba ruwansa da kukis, amma tushensu ɗaya. Tun da na kunna akwatin nan na ɗauka na gama da batun sirrin mutane, kamar shi kaɗai ne abin da ake nema. Da na saba da izinin da ba ya tare komai, sai na daina tambayar kaina ina bayanan ke zuwa da wanda ke ganinsu. Akwatin kukis, ko da na gaskiya ne, ba ya kare abin da mutum ya rubuta da hannunsa a fam. Wancan amana ce daban, kuma ita ta fi nauyi.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na sami Kawu bayan la'asar a rumfarsa, yara suna ɗaure kwalaye, na zauna a ƙasa na faɗa masa duka biyun, na jadawali da na akwati. Na jadawalin ya gane nan take. Na akwatin sai da na maimaita: ana tambayar mutum ko ya yarda a ba wani kamfani labarin shigowarsa, ni kuma na sa ana bayarwa kafin ya amsa.

Ya yi shiru, sannan ya ce, “To, wanda ya ce albarka fa?”

Na ce, “Kawu, wurin faɗin albarkar na ɓoye shi.”

“Ke nan ka sayar kafin mai kaya ya sallama.”

Ya ce tun da ya fara dillanci, in masunci ya bar masa kwali ya koma Guri, ko mai saye ya taya da tsada ba ya bari a ɗaga sai ya ji daga bakin mai shi cewa ya sallama. Da can sai a aika ko a jira, yanzu waya ake bugawa. Da wannan ya ci abinci, da shi ya aurar da 'ya'ya. “Kuma sunana ne a saman shafin nan, ɗana, ba naka ba.” Bai ɗaga murya ba. Ya sa aka loda wa Hajiyar kwalayenta a motar dare, na ce a cire kuɗin daga abin da ake biyana, ya ce rabi. Sannan ya ce abokansa ni zan faɗa musu da bakina yadda na samo lissafin da nake kawo musu.

Gyaran bai ɗauki lokaci ba, abin da ya ƙara nuna mini ba wahala ce ta hana ni ba tun farko. Na rufe jadawalin, daga ni sai Kawu ke iya buɗewa. Direba yanzu sunan wanda zai karɓa da tasharsa da lambarsa kawai ake tura masa, na kayan da zai ɗauka a ranar. Tsofaffin adireshin da ba ma bukata na goge. Pixel na cire shi gaba ɗaya, domin da muka zauna muka duba, yawancin masu saye ta bakin wani suka ji labarinmu. Na bar ƙididdiga, na mayar da ita ajinta na gaskiya. Akwatin na rubuta shi da Hausa da Turanci, tunda cikin masu sayenmu akwai 'yan kasuwar kudu da yawa. Na Hausar cewa yake: muna son ƙirga masu shigowa shafin nan, hakan na nufin Google zai san wayarka ta shigo, in ka ƙi, za ka ga kifi ka saya kamar kowa. Maɓalli biyu girmansu ɗaya launinsu ɗaya, “Na yarda” da “Ban yarda ba”. A ƙasan kowace fuska akwai inda mutum zai sake ra'ayi. Ƙanwata ta koya mini gwajin da ya kamata duk mai gina shafi ya yi kafin ya miƙa aiki: buɗe shafin a sabuwar taga, kada ka danna komai, ka duba jerin kukis; danna ƙi, ka sake dubawa. In ka ga na bibiya a ɗaya daga cikin biyun, akwatinka ado ne. Kawu kuma ya yi saƙon murya ya tura wa duk masu sayensa, ya ce an samu sakaci daga wajenmu, lambobinsu sun fita, asusunsa ɗaya ne bai canza ba, duk wanda ya kira da wani su kira shi tukuna. Wasu sun yi fushi, kuma suna da gaskiya.

Ba na zargin dandamalin da ke bari irina su gina shafi. Ba don su ba da Kawu bai samu wannan ƙofar ba. Sai dai suna ɓoye injin su bar maka maɓallai, mutum ya ɗauka tunda bai iya kod ba, ba shi da alhaki. Alhali maɓallin da ke yanke ko za a bi mutum ko ba za a bi shi ba yana hannunsa, a cikin jerin zaɓi uku da yaro ma zai iya karantawa.

Abin da ya fi damuna yanzu ya wuce shafin kifi. Tun da aka wajabta haɗa layin waya da lambar NIN a Disambar 2020, kusan duk abin da manomin fadama zai nema, taki ne, irin shinkafa ne, injin ban ruwa ne, tallafin ambaliya ne, sai an ce ya kawo lambobinsa. A shaguna irin nawa ake buga kwafin takardun, waɗanda suka fito da duhu a jefa kwandon shara da hoton mutum da lambarsa a jiki, daga baya a ƙunshe ƙosai da su. Bayan kowace ambaliya fam kan yi yawo a WhatsApp da sunan rajistar tallafi, yana neman har BVN, ba wanda ya san mai shi, mutanen da ruwa ya ci gonarsu kuma suna cikewa don ba su da zaɓi. Shugaban NITDA tun 2019, Kashifu Inuwa Abdullahi, ɗan Haɗeja ne, muna alfahari da hakan. Amma masuncin da ke bayan Kirikasamma bai taɓa jin wani ya gaya masa da harshensa cewa yana da ikon tambayar me za a yi da lambarsa ba, kuma mutum na farko da yake haɗuwa da shi a wannan harka ba jami'in Abuja ba ne, mu ne masu shagunan kwamfuta.

Da rani ya kama, wasu manoman alkama daga wajen Auyo suka zo in yi musu fam na rajistar 'yan ƙungiyarsu. Shugabansu, dattijo ne da nake ganin girmansa, ya kawo jerin abin da yake so: suna, hoto, NIN, BVN, lambar asusu, har sunan magaji. Na ce, “Baba, BVN ɗin me za a yi da shi?” Ya ce ko wata rana za a nema. Na ba shi labarin Hajiyar Kaduna. Fam ɗin ya fita da tambaya huɗu, suna, ƙauye, girman gona da lambar waya, a samansa an rubuta da Hausa wa zai gani da dalili, sakataren kuma yana karanta wa wanda bai iya boko ba kafin ya cike masa. Muka tsaya a kan cewa in wani shiri ya nemi NIN, a lokacin za a tambayi kowa, a faɗa masa wanda ke nema. Baban bai gamsu ba. Har yanzu in mun haɗu yakan ce sauran ƙungiyoyi sun riga sun tara komai a hannu, ranar da aka buɗe rajista za su riga su shiga, kuma wannan tsoron nasa ba na banza ba ne.